Duwatsu biyu a jaka ɗaya

A ƙasar Yahudiya, cikin ƙarni na 8 da na 7 kafin haihuwar Almasihu, ba a san kuɗin ƙarfe da aka buga wa hatimi ba. Azurfa ake gutsurawa a ɗora bisa ma'auni, a sa dutse a ɗaya gefen. Masu tonon kayan tarihi sun samo irin waɗannan duwatsu da yawa a Urushalima da kewayenta, an sassaƙa su kamar ƴar ƙwarya a kife, nauyin shekel guda kuwa ya ɗan haura giram 11. Ɗan kasuwa yakan tara nasa cikin ƙaramar jaka wadda Ibraniyawa ke kira kis.

Littafin Maimaitawar Shari'a, a sura ta 25, ya yi magana a kan wannan jaka. Abin lura shi ne inda ya kafa haramcin: ajiye dutse mai nauyi da marar nauyi tare a cikinta, ko da ba a fito da su ba. Amfaninsu sananne ne. In za a karɓi azurfa sai a zaro mai nauyi, in za a biya sai a zaro ɗan'uwansa.

Shin daidai ne a kama mutum da laifin abin da bai riga ya aikata ba? Mai musu zai ce wuƙa a kube ba ta yanka kowa ba, alƙali kuma aiki yake hukuntawa, zuciya ba hurumin sa ba ce. Maganar tana da ƙarfi, sai dai wuƙa tana yanka albasa, tana feɗe rago. Dutsen ƙarya ba shi da wani aiki sai cuta. Wanda ya zauna ya goge shi har ya rage masa nauyi ya gama shawara tun a gida. Bayan haka, duk sa'ad da ya tura hannu cikin jakar sai ya yi zaɓi, kuma fuskar mai ciniki yake dubawa kafin ya zaɓa. Bafade zai samu dutsen gaskiya. Gwauruwa da baƙo, waɗanda ba su da mai tsaya masu, su ne rabon ɗayan. Gaskiyar da ya yi wa bafaden ma tsoro ne ya sa shi.

Wahalar dokar ita ce babu mai leƙa jakar wani. Watakila shi ya sa littafin Karin Magana, a sura ta 16, ya danganta duwatsun cikin jaka ga Ubangiji: abin da idon maƙwabci bai kai ba, an miƙa shi ga wanda ba a ɓoye masa kome. A zamanin sarki Yowash an gwada wata dabara ta ƴan Adam. An huda murfin akwati don kuɗin gyaran Haikali, kuma in ya cika, magatakardan sarki da babban firist tare suke ƙidayawa su ɗaure a jakunkuna. Duk da haka littafin Sarakuna na biyu ya ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba, don an shaida amincinsu. Ko a can, ƙidaya ta tsaya a wani wuri, amana ta ɗauka daga nan.

Linjilar Yahaya ta nuna tsadar wannan amana. Isa da almajiransa suna da asusu guda, Yahuza Iskariyoti ne ke riƙe da shi. Kalmar Girkanci da aka yi amfani da ita, glossokomon, asalinta ƴar akwatin da masu busa ke adana bakin sarewarsu ne. A Betanya, da Maryamu ta shafa wa Isa turare mai tsada, Yahuza ya yi lissafin kuɗinsa, dinari 300, ya ce da an sayar an ba matalauta. Hujjarsa ba ta da aibu a kunne. Marubucin ne ya gaya wa mai karatu cewa yana ɗiba daga asusun. Abokan tafiyarsa ba su nuna sun zarge shi ba. A daren jibin ƙarshe, da ya tashi ya fita cikin duhu, wasu daga cikinsu sun zaci an aike shi ne ya sayo kayan idi, ko ya kai wa matalauta sadaka, tun da kuɗin a hannunsa suke.