Kare a Ƙofar Gida: Yana da Hakki a Kan Maigida?

Akwai wata tambaya da ba safai ake yinta a zaure ba, domin mai yinta yana iya zama abin dariya. Tambayar ita ce: kare yana da wani hakki a kan mutanen gidan da yake zaune? Kowa ya san hakkin iyaye, da na maƙwabci, da na baƙo, da na ɗan ƙwadago. Ko jaki akan tausaya masa in kaya ya yi masa yawa. Amma kare, sunansa ma zagi ne. In aka ce da mutum kare, to, an gama da shi. Duk da haka da wuya a ratsa ƙauye da dare ba a ji haushi ba, masu gidajen kuwa sun fi kowa sanin abin da ya sa barcinsu yake nauyi. Batun ya isa a zauna a auna shi, gama a cikin ƙananan al'amura irin wannan ne halin mutum yakan fito fili.

Gidajen Hausawa a bakin Nilu

Ƙauyukan Hausawa na ƙasar Sudan wuri ne mai kyau na duba wannan tambaya. Bayan da sojan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya gabas tare da jama'ar da ta ragu. Suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, garin kuwa ya ɗauki sunansa. Waɗansu kuma hanyar Makka ce ta kawo su, guzuri ya ƙare, suka ya da zango, zango ya zama gari. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, sai neman aiki ya ƙara jawo mutane.

Da yawa daga cikin jikokinsu manoma ne, da masu lambu a bakin kogi, da masunta, da masu gasa agashe. Gidan manomi ko masunci yana da awaki a turke, da kaji a akurki, da buhunan dawa da gyaɗa, da taru a rataye. Duk abubuwa ne da ɓarawo yake so, ko dila, ko kura. Saboda haka waɗansu gidaje suke ajiye kare. Ba don ado ba ne, ba kuwa don ya hau gado ba. Wurinsa ƙofar gida, ko gindin danga, ko kusa da garke.

Yadda kare yake yini

Wanda ya lura da karen gida na yini ɗaya zai ga dabba ce mai tsari. Da asuba, in maigida ya fito, kare yakan tashi ya yi miƙa, ya kaɗa wutsiya, ya raka shi har bakin hanya. Yakan kewaye gidan yana shinshina, gama da hanci yake gane wanda ya wuce da dare. Yakan ɗiga fitsari a gindin itace domin sauran karnuka su san iyakarsa.

In rana ta take, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi yakan wuce digiri 40 a ƙasar Jazira, sai ya nemi ƙasa mai laima kusa da randa, ya tona ɗan rami, ya kwanta yana zaro harshe. Mai gani zai ce lalaci ne. Ba lalaci ba ne. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, ta haki ne yake fid da zafi, don haka ƙishirwa takan kama shi da sauri.

Da yamma yakan ji motsin yaran gida tun suna nesa, ya ruga ya tarye su. Lokacin cin tuwo yakan zauna daga gefe, idonsa a kan hannun mai ci, ba ya matsowa in an hore shi. Da dare kuwa aikinsa ya tashi. Mutanen gida da suka saba da shi sun san bambancin haushinsa. Akwai na amsa wa karnukan unguwa, akwai na baƙo a ƙofa, akwai kuma wanda in aka ji shi dole maigida ya ɗauki fitila da sanda ya fita.

Abin lura a nan shi ne, wannan dabba ta san mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Ta san mai ba ta abinci, ta san mai jifanta. In aka yi mata tsawa takan sunkuyar da kai, ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. In aka buge ta takan yi kuka. Abin da yake jin tsoro, yake jin zafi, yake kuma murna da dawowar mutum, ba za a lissafta shi tare da turmi da taɓarya ba.

Wanda ya ci lada

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ma'anar ita ce, wanda ya karɓi amfani ya ɗauki nauyi, ko da aikin bai yi masa daɗi ba. Maigida yana karɓar tsaro daga kare kowane dare. Awakinsa suna kwana lafiya, iyalinsa suna barci. In da mutum ne yake wannan gadi, da an biya shi a ƙarshen wata. Kare ba ya neman kuɗi. Ladansa abu huɗu ne: abinci, da ruwa, da inuwa, da magani in ya yi ciwo.

Akwai kuma wani dalili. Kare bai kawo kansa ba. Tun yana ɗan kwikwiyo aka raba shi da uwarsa, aka kawo shi gida, aka sabar da shi da hannun mutum. Masu bincike sun nuna cewa kare ne dabbar fari da ɗan adam ya sabar, tun kafin akuya da saniya. Mutum ne ya mai da shi mai dogara ga mutum. Wanda ya sa wani ya dogara gare shi, sa'an nan ya juya masa baya, ya ci amana, ko da wanda aka ci amanarsa ba shi da bakin kai ƙara. Littafin Karin Magana, sura 12 aya 10, ya sa kula da dabba cikin alamun adali.

Abin da masu musu za su ce

Wani zai ce, “Haba malam, kare ai ƙazami ne. Yana cin mushe, yana lasar abin da ba ya faɗuwa.” Akwai gaskiya cikin wannan. Daidai ne a ware masa kaskonsa, a hana shi sa baki a tukunya ko a randa, a koya wa yara su wanke hannu in sun taɓa shi. Amma tsabta dabam, mugunta dabam. Ana iya hana kare shiga ɗaki ba tare da an watsa masa ruwan zafi ba. Mutanen waɗannan ƙauyuka na Sudan Musulmi ne, malamansu kuwa sun yarda a ajiye kare don kiwo, da tsaron gona, da farauta. Sananne ne kuma a wurinsu labarin wanda ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka gafarta masa saboda haka. Ashe, a kan wannan batu Kirista da maƙwabcinsa Musulmi ba su da gardama.

Sau da yawa ma ƙazantar kare daga sakacin mai shi take. Karen da ba a ba shi abinci, ina zai nufa in ba juji ba? Haka kuma in an yanka tunkiya ko raƙumi, aka ga huhu ko hanta da ƙulli mai ruwa, waɗansu sukan yanke wurin su jefa wa kare. Ta haka tsutsa take shiga cikinsa, ƙwayayenta su fita tare da kashinsa, su koma ga mutum su zama ƙulli a hanta. Maganin abin shi ne a binne irin wannan nama da zurfi ko a ƙone shi. Laifin a nan na hannun da ya jefa ne.

Wani kuma zai ce, “Mutane suna kwana da yunwa, ana batun kare?” Wannan musu ya fi na fari nauyi. Hakika mutum yana gaba da dabba. Gidan da ya ƙosar da kare alhali maraya yana kuka a maƙwabta ya juya al'amari a baibai. Amma abin da kare yake bukata ba daga bakin yaro ake cire shi ba. Ƙanzon tukunya ne, da ragowar tuwon jiya, da kawunan kifi a gidan masunci, da ruwa a tsohon kasko. Wanda ya ga ko wannan ba zai iya ba, hanya a buɗe take: kada ya ɗauko kwikwiyo tun da fari. Ba wanda aka tilasta wa kiwon kare. Amma wanda ya ɗauko, ya shiga alkawari.

Sakaci yakan komo gida

Wanda tausayi bai motsa shi ba, bari lissafi ya motsa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suke kamuwa, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Alhali kuwa tun 1885 Luwi Fasto na ƙasar Faransa ya fara ceton rai da allurar wannan ciwo. Masana sun nuna cewa in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa.

Saboda haka kai kare wurin malamin dabbobi ba gata ne ga kare kaɗai ba, kāriya ce ga 'ya'yan gida da na maƙwabta. In kuwa kare ya ciji mutum, sai a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Haka yake ga horo. Karen da aka ɗaure yini da kwana a rana, ana dukansa don ya yi zafin rai, ba ya zama mai gadin kirki. Yakan zama matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizo. Yawanci ba ɓarawo yake cizo ba, sai yaron da ya matso kusa da kaskonsa. Iyaye su koya wa yara kada su dami kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayar da 'ya'yanta.

Akwai ma hasara wadda ta fi cizo. Yaron da ya jefi kare, manya suna zaune suna dariya, ya koyi darasi a ranar: ana iya cutar marar ƙarfi don nishaɗi, ba abin da zai biyo baya. Darasin nan ba a kan kare zai tsaya ba. Gobe zai gwada shi a kan ƙanensa, jibi a kan mahaukacin kasuwa, wata rana a kan matarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyakar hakki

Ko hakki yana da iyaka, mutanen Sudan kuwa sun ga iyakar da idonsu. Yaƙin da ya ɓarke a ƙasar cikin Afrilu 2023 ya kai Wad Madani, babban birnin Jazira, a Disamba na shekarar, ya kuma shiga jihar Sinnar cikin 2024. Miliyoyin mutane a ƙasar suka bar gidajensu. Uwar da ta goya jariri, ta riƙe hannun wani yaro, ta bi hanya da dare, ba mai hankalin da zai tuhume ta don ta bar kare a baya. Ran da rai ya zo wuya, mutum ne a gaba.

Amma uzurin ranar gudu ba ya zama uzurin ranar zaman lafiya. Maigidan da yake zaune a inuwarsa, randarsa cike da ruwa, karensa yana haki a rana a ɗaure, ba yaƙi ne ya hana shi ba. Zuciyarsa ce.

Amsar tambayar

To, kare yana da hakki a kan maigida? I, yana da shi. Bai kai hakkin ɗa ba, bai kai na maƙwabci ba, amma hakki ne, domin an ɗauko shi, an sabar da shi, ana kuma cin moriyarsa. Mutum yakan kyautata wa sarki don tsoro, ya kyautata wa attajiri don kwaɗayi, ya kyautata wa maƙwabci don kunya. Kare ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba zai kai ƙara wurin mai unguwa ba, ba zai ba da labari a kasuwa ba. Abin da aka yi masa, daga ainihin halin mai yi ya fito. Saboda haka mai son ya san kansa, kafin ya kwanta yau, sai ya leƙa kaskon da yake bakin ƙofa ya ga ko da ruwa a ciki.