Shan Maganin Damuwa Rashin Bangaskiya Ne?

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8

Wata ranar Lahadi bayan sujada wata 'yar'uwa ta ja ni gefe, ta kwance bakin zaninta, ta nuna mini wasu ƙananan ƙwayoyi. Likita ne ya rubuta mata, tana sha kowane dare, barci ya fara dawo mata. Sai ta ce, "Mai bishara, in na ci gaba da sha, ba na nuna Yesu bai ishe ni ba ke nan?" Wataƙila kai ma wannan tambaya tana cin ka a ɓoye.

Ka san abin da ya kore mana barci. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a Satumba kuma makarantar Kaya ta Maradun. Mutane da yawa har yau suna kwana da kunne a buɗe, suna sauraron ƙarar babur. Idan rashin barci ya haɗu da baƙin ciki marar yankewa, da ƙin abinci, da mutuwar jiki, har ya wuce mako biyu, likitoci suna kiransa ciwon damuwa. Ciwo ne, kamar hawan jini.

Ƙwayar da ta nuna mini sunanta amitriptyline. An fara ba marasa lafiya ita tun 1961, tana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinta shi ne daidaita wasu sinadarai da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su. Tana sa gyangyaɗi, shi ya sa ake shanta da dare. Barci yakan gyaru da wuri, amma nauyin zuciya yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, ko fiye, kafin ya fara sauka.

To, shanta zunubi ne? Dubi Iliya. Mutumin da wuta ta sauko saboda addu'arsa a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji don tsoron Yezebel, ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Ubangiji bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Sai daga baya, a Horeb, Allah ya yi magana da shi. Wanda ya halicci jiki ya san gajiyayyen bawa yana bukatar barci kafin wa'azi.

Wani zai ce, ai Littafi ya zargi Sarki Asa don ya nemi masu magani. Ka karanta 2 Tarihi 16 da kyau. Laifin Asa shi ne bai nemi Ubangiji ba sam. Hezekiya kuwa ya yi kuka gaban Allah, Allah ya yi alkawarin ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurunsa. Alkawarin Allah bai hana ɓaure ba.

Ka tuna da manomin rani a Bakolori. Yana buɗe ruwan dam ya shayar da shinkafarsa. Ya musanta cewa Allah ne mai ba da ruwa? Ruwan da ke cikin kwata ai ruwan sama ne da aka tara. Haka magani yake: hanya ce, Mai warkarwa ɗaya ne. Abin tambaya shi ne inda zuciyarka ta dogara.

Bangaskiya kuma tana tafiya da hikima. Kada ka sayi ƙwayar nan a kemis ko hannun mai talla ba da takardar likita ba, kada ka ba maƙwabci naka. Faɗa wa likita in kana da ciwon zuciya, ko juna biyu ga mace. Takan busar da baki, ta sa jiri ko taurin bayan gida. Wuce ƙa'idarta na iya tsayar da zuciya, don haka a ɓoye ta daga yara. Kada ka zubar da ita rana ɗaya don an ɗora maka hannu ka ji sauƙi. Ka ba da shaidarka, ka koma wurin likita ya rage maka a hankali. In kuwa tunanin kashe kanka yana zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Faɗa wa fastonka ko wani na gida yau, a kai ka babban asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

Abin da na ce wa 'yar'uwar nan shi nake ce maka: ka yi godiya a kan maganinka yadda kake yi a kan tuwo, ka sha, ka kwanta.

Addu'a: Ya Uba, ka ga darena da hawayena. Ka albarkaci hannun likita, ka cire mini kunya, ka ba ni barci mai daɗi, cikin sunan Yesu. Amin.