Ku rubuta manufa kafin ku kunna kwamfuta

'Yan'uwa masu gyaran waya a Gusau, masu buga takardu a shagunan Tsafe da Bungudu, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke koyon haɗa manhaja cikin dare, da ku 'yan'uwa mata masu rubuta littattafai a WhatsApp, ku tashi! Wasan intanet na rubutu zalla, wanda mutane da yawa ke shiga lokaci guda, bai fi ƙarfinku ba in kun haɗa kai.

Ɗalibai irinku ne suka fara shi. A 1978 Roy Trubshaw ya soma irin wannan wasa mai suna MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ɗora. Ɗan wasa zai rubuta inda ya nufa, kwamfuta ta kwatanta masa wurin da ya faɗa, ya tarar da wasu a can suna hira ko ciniki ko faɗa. Babu hoto, saboda haka ba ya cin data da yawa, ko sabis ya yi rauni yana tafiya. Mu da aka katse wa layukan waya a Satumban 2021 ba sai an yi mana bayanin amfanin haka ba.

Amma magini ba ya haƙa harsashi sai ya ja igiya. Ku fara da takardar manufa, shafi ɗaya ya wadatar. Wa kuke yi wa wasan? A 1996 Bartle ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu tara maki, masu son leƙa kowane lungu, masu zuwa hira, da masu jin daɗin kayar da wasu. Duk wanda ya ce zai faranta wa huɗun rai daidai wa daida, aikinsa zai watse. Ku zaɓa. Ni dai, a jiharmu ta Zamfara da ta sha zubar da jini haka, ba na goyon bayan wasan da kisa ne ginshiƙinsa. Ku rubuta matsayinku ɓaro-ɓaro tun yanzu, kafin wani abokin aiki ya zo da shawarar a sa bindiga don a ja kasuwa.

Duniyar wasan kuwa tana ƙofar gidanku. Ga 'Yandoto, tsohon garin malamai. Ga Dutsen Kwatarkwashi, ga layin dogo zuwa Ƙaura Namoda, ga fatake da ayarinsu. A takardar ku faɗi da wace Hausa za a yi magana, kuma kar ku ji kunyar ta Zamfara. Ku yanke hukunci kan zagi da caca, da wanda zai riƙa raba gardama. Ku faɗi mafi ƙarancin wayar da wasan zai yi aiki a kanta.

Ku sa rana a makon nan, ko bayan an sakko daga Juma'a. Marubuciyar cikinku ta riƙe alƙalami, mai manhaja ya faɗi abin da zai yiwu a wata uku, kowa ya sa hannu, a manna takardar a bangon shago. Sannan ku gina unguwa ɗaya ta wasan, ku gayyato mutum goma su gwada.