Maraya a Kan Sarƙa: Wa'azi don Idin Waliyyi Faransis na Asisi



Da yawanmu mun taɓa tsayawa ranar kasuwa, ko a Birnin Kudu ko a Gwaram, muna kallon mai wasa da biri. An sa wa birin riga, an ɗaura masa sarƙa a ƙugu, ana kiɗa yana tsalle, mu kuwa muna dariya muna jefa kuɗi. Amma wa ya taɓa tambaya ina uwarsa? Uwar biri ba ta sakin ɗanta da daɗin rai. Galibi sai an harbe ta, sa'an nan a ɓamɓare jaririn daga jikinta.

Domin mu gane girman abin da aka raba shi da shi, bari mu leƙa tsibiran Borneo da Sumatra, inda wani babban biri mai jan gashi yake zaune, wanda ake kira orangutan, wato mutumin daji a harshen Malay. Ɗansa yakan yi shekara 6 zuwa 8 tare da uwarsa. A wurinta yake koyon 'ya'yan itacen da ake ci da lokacin nunarsu, da yadda ake saƙa sheƙar kwana a bisa itace kowace yamma. Da aka sare dazuzzuka domin katako da gonakin kwakwar manja, marayu suka yawaita. Aka buɗe musu gidan reno a Sepilok ta ƙasar Malesiya a 1964, da wani a Nyaru Menteng ta Indonesiya a 1999.

Ku dubi wahalar aikin! Matan ƙauyukan da ke kewaye su ne suke zama iyayen goyo, suna ba da madara dare da rana. Da safe a kai marayun daji, a koya musu hawa. Har macijin roba akan ajiye a gabansu, mai reno ta yi kururuwa kamar ta firgita, domin su koyi tsoron da ya kamata su sha a nono. Ko da yake manyansu sun fi son kaɗaici, ana haɗa ƙananan rukuni-rukuni, gama abin da ɗaya ya iya, ɗan'uwansa yakan kalla ya kwaikwaya. Daga baya a kai su wani tsibiri, a rage cuɗanya da mutane, a duba ko suna ɗauke da tarin fuka. Mafi wuya shi ne a yaye su daga son mutum. Wanda ya daɗe a keji, sau da yawa ba ya sake komawa daji har mutuwarsa. Harbi ɗaya, 'yan'uwa, gyaransa shekaru.

Kada mu ce labarin nesa ne. Tun 1991 ƙungiyar Pandrillus take renon marayun birai a Kalaba, tana haɗa su garke-garke kamar yadda suke a daji. A 2003 kuma aka mayar da gorila biyu da aka ƙwace a Kano zuwa gidan reno na Limbe a Kamaru. Ta hanyoyinmu wannan fatauci ya bi.

Littafin Farawa, sura 2, ya nuna mana cewa Allah ya sa mutum a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Littafin Yunana ya ƙare da Ubangiji yana lissafa dabbobin Nineba cikin waɗanda yake jin tausayinsu. Saboda wannan Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa Waliyyi Faransis majiɓincin masu kula da muhalli a 1979, marigayi Paparoma Faransis kuma ya rubuta wasiƙarsa Laudato Si' a 2015.

Mun sani biri maɓarnaci ne. Wanda garken jan biri ya shiga gyaɗarsa ba zai ji daɗin wannan wa'azi ba, ba kuwa muna hana kowa tsaron gonarsa ba. Amma korar biri daga gona dabam, sayen ɗansa a ɗaure a tsakar gida domin yara su yi wasa dabam. Duk wanda ya saya, ya biya kuɗin harsashin gobe.

In kuwa akwai wanda yake da biri a gida, zuciyarsa ta tsawata masa, kada ya ɗauke shi gobe ya sake shi a bayan duwatsu. Bai san abinci ba, bai san damisa ko kare ba, garke kuma ba lalle ya karɓe shi ba. Zai mutu, ko ya dawo cikin gari yana cizon yara. A nemi ma'aikatan gandun daji, ko a same mu bayan Misa mu tafi tare.