Ɗigon Bature da Hantsin Bahaushe

Akwai wata kalmar Ingilishi da malaman firamare ke son rubutawa a katin sakamakon yara, watau punctuality. Ma'anarta dai ita ce zuwa daidai lokacin da aka ajiye. Gaɓoɓinta biyar ne, ana kuwa danna ta uku: pank-cu-WA-li-ti. Da yake Hausa ba ta ware p daga f ba, Bakano sai ya ce fankcuwaliti. Mu kuwa mutanen Illela, masu cewa hwara maimakon fara, tamu ta fi kusa da hwankcuwaliti. In ka tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙwanni sai ka ji 'yan makaranta na cewa ponctualité, da bakin Faransanci. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Asalin kalmar daga Latinanci ne, punctum, watau ɗigo ko ɗan hujin da tsinin allura ke bari. Abin dariya, 'yar ɗaki ɗaya ce da fanca, wadda direbobin hanyar Sakkwato ke kuka da ita in ƙusa ta soki taya. Da farko Turawa na faɗin kalmar ne ga abu mai tsini, sa'an nan ga mutum mai bin diddigin ƙananan abubuwa. Sai a ƙarni na 17 ta ɗauki ma'anar kiyaye lokaci. Su ma ba da ita aka haife su ba. Jirgin ƙasa ne ya matsa musu lamba: kamfanonin jirgi na Ingila suka koma bin agogon Giriniwic a 1847, doka kuwa ba ta ɗora shi kan ƙasar duka ba sai 1880. Mu nan jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, can ya tsaya, bai ƙaraso Sakkwato ba balle Illela.

To, ka ga Bature ya ɗauki lokaci ɗigo ne. Bahaushe kuwa fili ya ɗauke shi: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Wanda ya ce zai zo da hantsi yana da sarari mai faɗi, ba wanda zai ce ya saɓa. Daga nan ne waɗansu 'yan'uwa ɗalibai ke kafa hujja cewa makara ba laifi ba ce a wurinmu, al'ada ce, har suna kiranta lokacin Afirka.

Ni ban yarda da wannan ba. A duba watan azumi. Wa ya taɓa ganin mai azumi ya makara buɗa-baki? Ladan bai rufe baki ba dabino ya shige. Ran Juma'a wanda ya zo bayan liman ya sallame ba ya cewa al'ada ce, ya san ya yi hasara. A kasuwar Illela ran Lahadi, dillalan shanu da fataken da suka kwana a hanya tun duku-duku suke tsaye, don sun san in ka yi sammako wani a tafe ya kwana. Manomi ma, ruwan shuka in ya sauka ba ya ce sai jibi. Ashe mun san ɗigon nan sarai. Muna kiyaye shi duk inda hasarar za ta faɗo kanmu. Sai inda za ta faɗa kan wani ne muke tuna al'ada.

Nan ne nake ganin maganar ta bar hannun masu nazarin harshe ta koma ta ɗa'a. Agogo ba ya jin ciwo in an makara, mai jira ne ke ji. Motar tasha da ba ta tashi sai ta cika ba ta cuci kowa ba, don duk wanda ya shiga ya san sharaɗin. Amma a ɗauki babban mutum da aka gayyata buɗe wani gini ƙarfe 10, aka jera 'yan makaranta a rana tun ƙarfe 8, shi kuwa bai iso ba sai bayan azahar. Mutumin nan ba agogo ya rasa ba. Ran da zai hau jirgin sama zuwa Makka shi ne na farko a fili. Makararsa sanarwa ce: lokacina ya fi naku daraja. Haka nan malamin da ke shanya ɗalibai a aji, haka kuma ɗalibin da ke shigowa lacca ta yi rabi yana jan kujera.

Sai dai ba zan ɓoye ba, ɗigon Bature ma yana da nasa aibi. Mutumin da zai katse gaisuwar dattijo yana duban tsintsiyar hannu, ko ya wuce jana'izar maƙwabci don kada ya makara taro, a garinmu ba za a kira shi mai cika alkawari ba, marar mutunci za a ce da shi, ni ma kuwa haka zan ce. Haƙƙi biyu ne suka haɗu a kansa, na mamaci ya rinjaya. Amma na mai jira bai faɗi ba. A da sai a aiki yaro da gudu ya ce Malam na gaishe ka, ya tsaya jana'iza, kada ka jira. Yau kuwa waya na cikin aljihun kusan kowa, har da mai tura baro a bakin kwastan.