Maganin Haihuwa na Caina: Shiru Ko Magana?

Wai idan 'yar'uwarka ta shekara 7 a ɗakin miji babu ko ɓatan wata, ta koma shan maganin Caina, shirunka tausayi ne ko cin amana?

'Yar ƙanwata ce, nan Hashimi. Kullum tana tare da kwalbar ƙwayoyi mai rubutun da babu mai iya karantawa a cikinmu, kuma duk wata kuɗi ne ke zurarewa. Ni ɗan kasuwa ne, na san mai neman haihuwa ba ya taya kaya.

Ban ce maganin Caina duk ƙarya ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau, daga tazargade wata 'yar Caina, Tu Youyou, ta fito da shi, har ta sami kyautar Nobel a 2015. Amma fa shi an gwada shi. A Beljiyam kuwa, farkon shekarun 1990, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace saboda wani tsiron Caina da aka sa a maganin rage ƙiba. Lambar NAFDAC ma a jikin kwalba ba shaidar yana warkarwa ba ce.

Neman magani halal ne, Annabi Zakariya ma da furfurarsa ya roƙi ɗa. Abin da ke ci mini rai, ita kaɗai ke sha. Mijin fa? Ba a taɓa auna shi ba, alhali sau da yawa matsalar daga namiji take. In na yi shiru na bar mata laifin ita kaɗai ke nan.

Don haka ba ita zan fara tunkara ba. Bayan Juma'a zan ja mijin gefe, su tafi asibiti tare a auna kowa.