Darasi na Tara: Jikin Mace a Gaban Allah

Karatu: Markus 5:21-34, Littafin Firistoci 15:25-27

A shekara ta 1949 wata malama a ƙasar Faransa, sunanta Simone de Beauvoir, ta buga littafi a kan zaman mata. Ga gindin koyarwarta: jiki ba riga ba ne da za a tuɓe a ajiye, gama ta wurinsa mu ke saduwa da duniya. Amma jama'a ne ke ɗora wa jikin mace ma'ana tun tana yarinya, har ta riƙa duban kanta da idon waɗansu. Wannan malama ba ta ba da gaskiya ga Allah ba, ta kuwa zargi addini da danne mata. Ba mu bin ta cikin kome, amma zarginta ya cancanci amsa.

Mu dubi macen nan ta cikin karatunmu. Shekara 12 tana zubar da jini. Bisa ga Shari'a ita marar tsarki ce, shimfiɗarta da mazauninta duka sun ƙazantu. Watau ciwo biyu ta ke ɗauke da su: na jiki, da na wariya. Shi ya sa ta raɓo ta baya cikin taro, a ɓoye, ta taɓa tufar Yesu.

Ku lura da abu biyu. Na fari, Markus ya nuna cikin jikinta ta sakankance ta warke, tun ba wanda ya shaida mata. Na biyu, Yesu yana hanyar gidan Yayirus, shugaban majami'a, duk da haka ya tsaya. Ya saurare ta a gaban jama'a, ya kira ta ɗiya. Ya raba ta da ciwon, ya kuma raba ta da kunyar.

Ga amsarmu ke nan. Amma idan mata suna shan wuya a ɓoye cikin Ekklesiyarmu domin tsoron bakin mutane, to, ba mu amsa ba tukuna.

Tambayoyi
1. Don me Yesu bai bar ta ta tafi a ɓoye ba?
2. Mace mai ciwon yoyon fitsari, ko wadda ba ta haihu ba, ina mazauninta a cikinmu?

Addu'a: Ya Ubangiji, kai da ka ɗauki jiki irin namu, ka koya mana mu girmama kowane jiki da ka halitta. Amin.